GYARAN KWALEKWALE: Bayani Ga Masunta Da Masu Ba Su Jari A Kudancin Katsina

 Duk wanda ya ji an ambaci Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, abin da zai faɗo masa a rai shi ne masara da dawa da auduga, ko kuwa shanun kasuwar Sheme. Da wuya ya tuna da jirgin ruwa. Alhali kuwa daga tuddan wannan yanki, wajen Funtuwa, gulbin Sakkwato ya taso, ya bi ta Gusau ya nufi yamma. A ƙasar Faskari akwai madatsar ruwa ta Mairuwa bisa hanyar Gusau, kusa da Funtuwa akwai ta Gwaigwaye, can arewa kuma wajen Dutsin-ma ga Zobe, wadda aka gama a 1983 bisa gulbin Karaduwa. A waɗannan ruwaye akwai bayin Allah da ba su da gona sai ruwa, ba su da garma sai kwalekwale. Da shi su ke kama tarwaɗa da karfasa da kurungu, da shi su ke ciyad da iyali, da damina kuma in ƙoramu sun kawo, da shi a ke fid da mutane da kaya.

Malamai sun san ƙissar jirgin nan da ke cikin Suratul Kahfi, wanda aka yi wa aibi don kada azzalumin sarki ya ƙwace shi. Masu shi suna da jirgi, amma duk da haka miskinai aka kira su. Haka masuncin yau ya ke. Jirginsa shi ne jarinsa kaf, ran da ya lalace tukunyar gidansa ta sauka.

Dalilin da gyara ya zama tilas

A da, mai son jirgi ya kan tafi wurin masassaƙi, a shiga daji a zaɓi ƙaton maɗaci ko kawo, a kayar, a rarake da gizago. Yanzu irin waɗannan itatuwa sun yi wuya, dajin da suka saura a cikinsa kuwa ɓarayin daji sun hana shi shiguwa shekara da shekaru. A ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya kafa dokar tsaro wadda ta hana motoci ɗauko itace daga daji, ta hana sayad da fetur a jarka, ta kuma dakatad da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ko da ya ke an sassauta dokar daga baya, manyan itatuwan da aka sare ba su komo ba. Saboda haka yawancin jiragen yanzu na katako ne, kafinta ke haɗa su da ƙusa, katakon kuwa daga nesa a ke kawo shi da tsada. Wanda ya iya gyara tsohon jirgi ya yi shekaru yana aiki da shi, ya tsere wa bashin sabo.

Sana'ar kuwa tsohuwa ce ƙwarai a ƙasar nan. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da wani ƙaton icce. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot a Jamus suka tono shi a 1994, ashe kwalekwale ne na icce dangin maɗaci, tsawonsa ya ɗara ƙafa 27. Da aka auna shekarunsa aka tarar ya kai wajen 8,000, ba a taɓa samun jirgin da ya girme shi ba a duk Afirka. Laka mai danshi ce ta rufe shi, iska ba ta kai gare shi ba, shi ya sa bai ruɓe ba. A cikin wannan akwai darasi na farko ga mai gyara.

Abubuwa huɗu da ke kashe jirgi

Na farko shi ne ruɓa. Iccen da ya nutse sarai cikin ruwa ba ya saurin ruɓa, haka nan wanda ya bushe ƙayau. Wanda ke ruɓewa shi ne mai jiƙa yau ya sha iska gobe, watau lungunan da ruwan sama ke kwanciya, da ƙarƙashin haƙarƙarin jirgi, da gindin mazauni, da goshi inda katakai suka haɗu. Na biyu shi ne rana da hunturu. Katako in ya bushe ta faɗinsa ya ke tsukewa, ba ta tsawonsa ba, don haka jirgin da aka bari a kan yashi cikin iskar hunturu sai haɗinsa ya buɗe, sassaƙaƙƙe kuwa ya tsage daga goshi. Na uku tsatsa ce. Baƙar ƙusa ta kan ci kanta cikin jiƙaƙƙen katako, ta kuma cinye naman iccen da ke kewaye da ita, har a wayi gari kanta na nan lafiya lau a waje, amma cikinta ya zama kamar zare. Na huɗu gara, ita kuwa jirgin da aka kife a ƙasa ba a ɗaga shi ba ta ke nema.

Saboda haka gwanin gyara ba ya fara aiki sai ya yi bincike. Ya kan sa a jawo jirgin tudu, a ɗora shi bisa gungume a inuwa, a wanke laka da gansakuka. Sa'an nan ya bi shi da ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen katako ya kan amsa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi shiru kamar an bugi buhun dusa. Inda ya yi shakka sai ya soka tsinin wuƙa. Kadan wuƙa ta shige ba da ƙarfi ba, wurin ya mutu, kome kyaun fentin da ke kansa.

Yadda a ke gyara

A cikin Suratul Ƙamar an siffanta jirgin Annabi Nuhu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da alluna da kuma abin da ya ɗaure su. Masu tafsiri waɗansu sun fassara abin ɗaurin da ƙusoshi, waɗansu kuma da igiyoyin da a ke ɗinke jirgi da su. To, har wa yau hanyoyin biyu ke nan, bugu da ɗinki.

Sassaƙaƙƙen jirgi in ya tsage, ɗinki ne maganinsa. Da farko a kan huda ɗan rami daidai inda tsagar ta tsaya, domin ramin ya hana ta ci gaba. Kana a huhhuda gefe da gefe, a zura waya ko igiya mai ƙarfi a ɗaure tamau, ko kuwa maƙeri ya ƙera ƙarafa masu baki biyu a kafa su ƙetaren tsagar. Bayan wannan a toshe tsagar da ramukan duka.

Jirgin katako kuwa, in allo ɗaya ya ruɓe, ba a yi masa kwaskwarima, yanke shi a ke yi. A yanke har a wuce ruɓar da kamar taƙi guda ta kowane gefe, gama ruɓa ta kan yi gaba a ɓoye fiye da inda ido ya gani. Sabon katakon ya zama busasshe, daga jan cikin icce, ba farin gefe ba, domin farin gefe shi ne abincin gara da ruɓa. Inda sabo ya haɗu da tsoho a sa wani guntun katako ta ciki ya rufe haɗin, a buga su tare. Kada kuma haɗi biyu su zo a jere bisa haƙarƙari ɗaya, don nan ne jirgi ke karyewa in ya hau igiyar ruwa da kaya. Ƙusa kuwa a nemi mai ruwan tutiya, wadda ba ta saurin tsatsa, a huda mata hanya tukuna don kada ta tsaga katako, in ta ɓullo ta ciki a lanƙwasa bakinta a mayar cikin icce. Ta fi baƙar ƙusa tsada, amma araha ba ta ado.

Toshiya ita ce ran aikin, kayanta kuwa ba su da wuyar samu a ƙasar auduga. A kan murza auduga ta zama kamar lagwani, a bi haɗin katakai da ita ana cusawa da dakusasshen ƙarfe, ana bugu sannu sannu. A nan a ke gane gwani da ɗan koyo. In toshiya ta yi sako-sako ruwa ya shiga. In kuwa an danƙara ta fiye da kima cikin busasshen katako, ran da katakon ya sha ruwa ya kumbura ba shi da wurin motsi, sai ya ture ƙusoshinsa. Bayan auduga sai kwalta. A narka ta a tsohuwar garwa nesa da bukka da tari, a kiyaye kada ɗigon ruwa ya faɗa ciki, domin ta kan yi tartsatsi ta ƙona mutum. A shafa ta da zafinta bisa busasshen katako, gama kwalta ba ta kama jiƙaƙƙe.

Akwai wani faci da ya yawaita, watau a yanko gwangwani ko langa-langa a buga bisa huda. In an shimfiɗa tsumma mai kwalta a ƙarƙashinsa, aka jera ƙusoshi kusa da kusa, ya kan fid da mutum daga wahalar yini ɗaya ko mako guda. Amma fa kada a manta da shi. Danshi ya kan ɓuya a bayansa, icce ya yi ta ruɓa ba mai gani, har ran da wani zai taka wurin ƙafarsa ta zarce.

In an gama, ba a ɗora kaya nan take. A kan tura jirgin bakin ruwa a bar shi kwana biyu ko uku ya sha, katakai su kumbura su matse audugar. Sa'an nan a kwarfe ruwan, a bar shi ya kwana, da safe a duba abin da ya tara. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki duka shi ne bazara, sa'ad da ruwa ya ja baya, tun gizagizai ba su haɗu ba.

Sāke fasalin jirgi

Ba gyara kaɗai masu jirgi ke so ba, da yawa suna so a ƙara masa girma ko gudu. Wannan ma ba sabon abu ba ne. A 1805 wani Bature ɗan ƙasar Sikotilan, Mungo Park, ya sami jirage biyu a Sansandin, cikin ƙasar Mali ta yanzu, kowanne rabinsa ya ruɓe. Ya yanke ruɓaɓɓen ya yar, ya haɗa lafiyayyun biyu, cikin kwana 18 ya fid da jirgi guda mai tsawon ƙafa 40 da faɗin ƙafa 6. Jirgin ya ɗauke shi tafiyar fiye da mil dubu bisa Kwara, ya wuce Tambutu, ya iso Yawuri. A duwatsun Busa ya halaka a 1806, wurin da tafkin Kainji ya shanye a 1968. Haɗin ya riƙe, amma gyaran jirgi bai maye gurbin sanin ruwa ba.

Kafin a taɓa fasalin jirgi, wajibi ne a san hisabinsa. Jirgi ya kan nutsa har ya ture ruwa daidai nauyinsa da na abin da ke cikinsa. A ƙaddara kwalekwale mai shimfiɗaɗɗen gindi, tsawonsa ƙafa 16, faɗinsa ƙafa 3, goshi da baya sun tsuke. Irin wannan, kowane buhun masara mai kilo 100 ya kan nutsad da shi kamar inci ɗaya. Kadan bakinsa ya ɗara ruwa da inci 8 sa'ad da matuƙi kaɗai ke ciki, buhu huɗu sun cinye rabin tsiransa. Ruwan yoyo kuma in ya kwanta a cikinsa zurfin inci ɗaya, kusan buhu guda ke nan wanda ba a biya kuɗin fitonsa ba. Ya ma fi buhu sharri, domin buhu yana zaune wuri ɗaya, ruwa kuwa duk gefen da jirgi ya karkata can ya ke rugawa ya ƙara danne shi.

Ƙarin da aka fi yi shi ne a ɗora allo guda a bakin jirgi don ya yi zurfi. Yana da amfani wajen tare igiyar ruwa. Amma gindin bai ƙaru ba, kuma da gindi jirgi ke tsayuwa. Mai shi sai ya ga wuri ya samu, ya tula kaya sama, ya ɗaga mazauni, nauyi ya koma bisa, jirgi ya riƙa rawa. Wanda ke son jirginsa ya ɗauki kaya, ko ya tsaya a ciki ya jefa birgi ba fargaba, faɗin gindi zai ƙara, ya kuma ƙara haƙarƙari, ya bar mazauni ƙasa ƙasa.

Sai batun inji. Jirgin da aka yi domin filafili da gora bayansa tsukakke ne, ba shi da wurin riƙe inji. Tilas a yanke bayan, a kafa allo mai kauri, a tokare shi ta ciki da ginshiƙai, domin girgizar inji ta kan kwance ƙusa ta zazzage toshiya. Injin mai ƙarfin doki 15 nauyinsa ya kan haura kilo 30, ga tanki ga matuƙi duk a baya, saboda haka sai a mai da sauran kaya gaba. Mai saye kuma ya sani, jirgi mai nauyi wanda ke keta ruwa, tsawonsa ne ke yanke masa gudu. Mai ƙafa 16 in ya kai kamar mil 6 a sa'a, ƙarin wuta ba ya ƙara masa kome sai ya tsuguna ta baya, ya ɗaga goshi, ya sha mai a banza. Ga masuncin tafki irin na Mairuwa, sau da yawa kuɗin inji gara a sa shi a kalli da mamari.

Akwai ƙari biyu masu araha waɗanda suka fi waɗannan duka amfani. Na ɗaya, a ɗaure jarkoki marasa kome, rufaffu gam, ƙarƙashin mazauni. Jarka mai lita 25 ta kan ɗauki nauyin da ya kusa kilo 25 a cikin ruwa, don haka guda biyu sun isa su hana inji jan jirgi ƙasa in ya cika, mutane su sami abin kamawa. Na biyu, a ja layi da farin fenti a jikin jirgi, a yi alkawari in ruwa ya taɓa layin ba a ƙara ko ɗan akuya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997, ta wajabta sa rigar ruwa ta kuma hana tafiyar dare.

Abin da ya shafi malamai da 'yan kasuwa

Kada wani ya ce wannan zancen masunta ne kaɗai. Ran 30 ga Nuwamba 2021, cikin shekara ta 1443 ta Hijira, jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a Jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ne 'yan makarantar Islamiyya da suka taso daga ƙauyen Badau za su wurin Mauludi. A watan Mayu na wannan shekara ta 2021 wani babban jirgi ya karye a Kwara kusa da Wara, cikin Jihar Kebbi, da mutane fiye da ɗari a ciki. A Mayu na 2022 kuma irin wannan ta auku a ƙasar Mai'aduwa cikin Jihar Katsina, lokacin yawon salla, yara da dama suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma ba a hana bawa ɗaure raƙuminsa ba kafin ya yi tawakkali. Malamin da zai ƙetare da almajirai yana da iko ya ce, "Sarkin Ruwa, a yi sawu biyu." Jinkirin rabin sa'a ne kawai.

Shari'a ma ba ta bar wannan babi ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 ta Hijira, an bayyana cewa masu sana'a suna lamunin kayan da aka ba su aiki suka keɓanta da shi. Saboda haka kafintan da ya ɗauke jirgi ya kai gidansa, amana ce mai lamuni a wuyansa. An kuma bayyana cewa mai jirgi ba ya biyan kayan da suka nutse, amma ba shi da kuɗin fito sai ya isar. Masu sharhi sun ɗaure wannan da sharaɗin kada ya zama ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Wanda ya san jirginsa na yoyo, ko ya yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, ba shi da mafaka a wannan hukunci. Haka kuma ɓoye aibin haja haramun ne. Mai sayad da tsohon jirgi in ya shafe ruɓa da kwalta da fenti ya yi shiru, ya yi algus, kuma algus ne wanda ke iya cin rai.

Ɗan kasuwa mai ba masunci jari don a riƙa kawo masa kifi ya yi banda, shi ma ya lura da abu biyu. Na farko, littafin nan ya hana sayen kifin da ke cikin gulbi ko tafki tun ba a kama shi ba, saboda garari. Na biyu, tun ran ƙulla magana a faɗi wanda gyara ke kansa, a gaban shaidu, a ware masa wani abu daga cinikin kowace kasuwa. Yawancin rigimar da ke kai mai jari da masunci gaban alƙali daga nan ta ke tasowa, jirgi ya lalace, kowa ya ce ba shi ba ne. Kuɗin auduga da kwalta da ƙusa na shekara guda bai kai kuɗin jirgi sukutum ba, balle rai.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya fi ƙadangare naci, ramin ƙusa ɗaya ya ishe shi. Mai jirgi ya duba jirginsa tun da bazara, mai jari ya taimaka, mai hawa kuma ya dubi farin layi kafin ya sa ƙafa. Allah ya tsare bayinsa a tudu da ruwa, ya sa albarka a sana'ar kowa, ya kawo zaman lafiya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran ƙasa baki ɗaya. Amin.